Wa Ke Da Ikon Yarda a Sa Wa Mutum Mari?

A fikihun Malikiyya, idan mai taɓin hankali ba shi da uba ko wasiyyi, alƙali ne ke naɗa masa waliyyi, bisa sharaɗin kiyaye maslaharsa. Dokar Turawa ta 1916, wadda aka sabunta a 1958, ta damƙa ikon tsarewa ga majistare da likita. Amma a ƙauyukan Funtua da Malumfashi, shawara ta ci gaba da zama ta dangi. A Oktoban 2019 'yan sanda suka kwance wa mutane mari a wata cibiya a Daura. Da yawansu iyayensu ne suka kai su. Sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, da aka sanar a Janairun 2023, ta maye gurbin ta 1958. Darasin Daura dai yana nan: yardar waliyyi ba kariya ba ce, matuƙar babu alƙalin da zai tuhumi waliyyin.