Ƙwayoyin Daskarar da Jini a Binciken Ciwon Hanta

Ƙwayoyin daskarar da jini halittu ne ƙanana waɗanda ɓargo ke haifarwa bisa umarnin wani sinadari da hanta ke sarrafawa, adadinsu ga mai lafiya kuwa yana tsakanin 150,000 da 450,000 a kowace maikurolita. Malaman ɗibbu sun tabbatar cewa idan hanta ta ƙandare, jini ya taru a saifa har ta kumbura, adadin nan yakan ragu, alhali a ciwon shawarar da ya zo farat ɗaya galibi yana nan daidai. A kan wannan hujja aka gina ma'aunin APRI na kimanta ƙandarewar hanta a 2003, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi a 2015 ga masu ciwon hanta nau'in B a ƙasashe masu ƙarancin kayan aiki.

Ga jama'ar Ƙofar Marke da sauran unguwannin Sakkwato, waɗanda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke yi wa hidima, wajibi ne likita ya yi la'akari da zazzaɓin cizon sauro da tsargiyar hanji, domin su ma suna rage adadin, ko da naman hanta bai lalace ba.