Damagaram da Ilimin Sanin Halin Jama'a

Duk wanda ya taɓa zama a zauren mai gari ranar da ake rabon gado, ko ranar da manomi da makiyayi suka kawo ƙara a kan ɓarnar gona, ya san cewa sanin halin mutane ilimi ne mai zaman kansa. Wani da kalma guda zai kashe wutar, wani kuwa da kalma guda zai hura ta. A makarantun zamani an raba wannan ilimi kashi-kashi: akwai nazarin halayyar ɗan Adam, da nazarin zaman jama'a, da na al'adu, da tarihi, da tattalin arziki, da sha'anin mulki. To, yaya wannan ilimi ya zo ƙasar Damagaram, wa ya riƙe shi a da, kuma wa ake koya wa shi a yanzu? Abin da za mu bi ke nan, domin amsar ta shafi kowane uba da ke da ɗa ko 'ya a makaranta.

Zamanin fada

Masarautar Damagaram ta kafu a ƙarni na 18, tana ƙarƙashin inuwar Barno, tana kai gaisuwa can. A farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaiman ya mai da Zinder mazaunin sarauta. Amma wanda ya ɗaukaka ƙasar shi ne Tanimun, wanda ya yi doguwar sarauta daga 1851 zuwa 1884. Shi ya ƙarfafa ganuwar Birni, ya sa aka ƙera igwa a garin, ya kuma buɗe hanya ga fatake masu zuwa daga Tarabulus da Agadas su wuce Kano ko Kukawa.

Sai mai karatu ya duba irin mutanen da ke ƙarƙashin sarki guda: Barebari, da Hausawa, da Fulani, da Buzaye, da Larabawa 'yan kasuwa, da bayi da aka kawo daga wurare dabam-dabam. Sarki da fadawa suna Birni, baƙi da ayari suna sauka a Zango. Riƙe irin wannan taro ba ya yiwuwa da takobi kaɗai. Dole a sami alƙali da ya san shari'a ya kuma san al'adar masu ƙara, da mai unguwa da ya san asalin kowane gida, da maroƙi da ya haddace jerin sarakuna, da fatoma da ya san halin kowane baƙo. Waɗannan su ne masanan zaman jama'a na wancan zamani. Ba su da takardar shaida, makarantarsu ita ce zaman zaure da bin manya. Aibin wannan hanya guda ne, watau ilimin yana cikin kai, in tsoho ya rasu sai ya tafi da rabonsa.

Da Turawa suka zo

Baƙi ne suka fara rubuta halin Damagaram da boko. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Zinder a ƙarshen 1852, ya rubuta abin da ya gani na ciniki da mulki. A 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa a Zinder, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A 1899 sojan Faransa suka ci garin bayan yaƙin Tirmini. A 1906 suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa bisa zargin shirya tawaye, suka kai shi gudun hijira, ba a maido da sarautar ba sai 1923.

Faransawa sun gane da wuri cewa ba a mulkin mutanen da ba a sani ba. Tsakanin 1906 da 1909 tawagar Kyaftin Tilho ta bi iyakar da ke tsakanin ƙasar Faransa da ta Ingilishi, tafintanta kuma, Landeroin, ya zauna da tsofaffi ya tattara tarihin masarautu, har da na Damagaram. Aiki ne mai amfani har gobe. Amma a lura, an yi shi ne da Faransanci, domin amfanin kumandan. Mutumin Damagaram shi ne abin nazari, ba a yi nufin ya zama mai nazari ba.

Zinder ta zama babban birnin yankin soja na Nijar a 1911, sa'an nan a 1926 aka mai da hedkwata Yamai, saboda ƙarancin ruwa da kuma kusancin garin da Kano ta Ingilishi. Lakwal ɗin da aka buɗe a lokacin ta fitar da tafintoci da magatakarda ne. Yaron da ya yi zarra sai an kai shi Yamai, daga can in ya yi sa'a ya tafi makarantar William Ponty a Senegal. Har Nijar ta sami mulkin kai a 1960 babu jami'a ko ɗaya a ƙasar.

'Yan ƙasa sun karɓi alƙalami

Bayan mulkin kai abubuwa biyu suka faru tare. Na farko, ɗan gari ya fara rubuta tarihin garinsu. André Salifou, wanda aka haifa a Zinder a 1942, ya yi karatu a Faransa, ya dawo ya bi takardun Turawa da bakin tsofaffi, a 1971 aka buga littafinsa a kan masarautar Damagaram a ƙarni na 19. Ya kuma rubuta wasan kwaikwayo a kan Tanimun. Shi ne daga baya ya shugabanci babban taron ƙasa na 1991. Da shi abin nazari ya zama mai nazari.

Na biyu, gwamnati ta ga cewa masani guda, komai zurfin iliminsa, ba zai zagaya ƙauyuka dubu ba. Ana bukatar ma'aikata na tsaka-tsaki, waɗanda za a horar cikin ɗan lokaci. A farkon shekarun 1960 aka fara aikin wayar da kan manoma a ƙasar Matamaye, inda ƙauye ke zaɓen mutanensa a ba su horo na 'yan kwanaki su koma su yi wa 'yan uwansu bayani. Makarantar horon malamai ta Zinder ta riƙa fitar da malaman firamare, kuma a 1973 aka buɗe a Zinder makarantar gwaji ta farko da ke fara koyar da yara da Hausa kafin Faransanci. Garin ya kuma sami makarantar horar da malaman jinya da ma'aikatan taimakon jama'a, wadda aka sani da ENICAS, wadda daga baya ta zama makarantar kiwon lafiya ta ƙasa reshen Zinder.

Yunwar 1973 zuwa 1974 da ta 1984 sun nuna darajar irin waɗannan ma'aikata. Hatsi yana iya zuwa a mota, amma sai wanda ya san gari zai san gidan da ke jin kunyar miƙa ƙwarya, da matar da mijinta ya tafi ci-rani ya bar ta da yara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Duk da haka babban karatu yana Yamai. A 1971 aka kafa cibiyar ilimi mai zurfi a can, ta zama jami'a a 1973, aka sa mata sunan Abdou Moumouni a 1992. Daga Zinder zuwa Yamai kuwa wajen kilomita 900 ne. Ɗan mai hali ya tafi. Ɗan talaka, balle 'ya mace, sau da yawa nan karatun ke tsayawa.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Wannan matsala ta nisa da tsada ba a kanmu aka fara ta ba. A Amurka, a 1901, aka buɗe wata ƙaramar kwaleji a garin Joliyet na jihar Ilinoyi da ɗalibai 6 kacal, bisa shawarar shugaban makarantar sakandaren garin, J. Stanley Brown, da shugaban Jami'ar Shikago, William Rainey Harper. Dabarar ita ce yaro ya yi shekara biyun farko na karatun jami'a a garinsu, yana kwana a gidan ubansa. A 1947 wani kwamiti da Shugaba Truman ya naɗa ya ba da shawarar a yawaita irinsu, sunan kwalejin al'umma kuma ya bazu daga nan. Sun yaɗu har suka kai wajen 1,000.

Wanda ya gama shekara biyun ana ba shi ƙaramin digiri. In fannin halayya da zaman jama'a ya ɗauka, zai taɓa nazarin halin ɗan Adam, da zaman jama'a, da al'adu, da tarihi, da ɗan lissafin ƙididdiga. Daga nan hanya biyu ce a gabansa: ko ya kama aiki a ofishin taimakon jama'a, ko ya wuce jami'a a lissafa masa abin da ya riga ya karanta, ya ƙara shekara biyu ya sami cikakken digiri. Ƙarfin tsarin yana nan, watau matakala ce, wanda ya tsaya a tsakiya bai faɗi ba.

Faransa ta bi tata hanyar. A 1966 ta kafa cibiyoyin koyon sana'a na jami'a, waɗanda ake kira IUT, masu ba da difloma ta DUT bayan shekara biyu. Wannan samfuri ne Nijar ta ɗauka.

Jami'a ta zo gida

A 2008 cibiyoyin IUT na Zinder da Maraɗi da Tawa suka fara karɓar ɗalibai, a ƙarƙashin jami'ar Yamai. Ta Zinder ta fara da fannoni irin su tsara ƙasa da birane, da aikin sakatariyar ofis. A 2010 aka kafa Jami'ar Zinder, aka buɗe tsangayar adabi da nazarin ɗan Adam, inda ake karanta labarin ƙasa da zaman jama'a, a sami digirin lisans bayan shekara 3. André Salifou ya rasu a 2022, jami'ar kuma tana ɗauke da sunansa. Shekara 111 ke nan daga yaƙin Tirmini zuwa kafa jami'a a garin.

Aikin da ke jiran waɗannan ɗalibai ba kaɗan ba ne. Ƙidayar 2012 ta nuna jihar Damagaram ta fi kowace jiha a Nijar yawan mutane, sun haura miliyan 3 da rabi, yawancinsu yara da matasa. A cikin birni an ga ƙungiyoyin samari marasa aiki da ake kira pale, waɗanda suka sha tayar da hankalin unguwanni. Aïcha Macky, 'yar Zinder da ta karanta ilimin zaman jama'a, ta shiga unguwar Kara-Kara ta zauna da su, a 2021 ta fitar da fim mai suna Zinder. Abin da ya buɗe mata ƙofa shi ne harshe, da haƙurin sauraro, da ilimin da ya koya mata irin tambayar da za ta yi.

Abin da tarihin ya koya mana

Darasi na farko, ilimin sanin jama'a ba baƙo ba ne a Damagaram, rubuta shi ne ya zo daga baya. Ɗalibin da ya raina zauren kakansa ya yar da rabin littafinsa. Na biyu, ƙasa ba ta tafiya da manyan masana kaɗai. Tsakanin farfesa da mai gari dole a sami malamin yaƙi da jahilci, da ma'aikaciyar taimakon jama'a, da mai ƙidaya, waɗanda gajeren horo ya ishe su fara aiki. Na uku, gajeren karatu yana da daraja ne in an bar masa ƙofa a sama, yadda wanda ya yi shekara biyu ya kama aiki zai iya dawowa ya ɗora, ba a ce ya koma farko ba.

Saboda haka, iyaye, in yaro ya ce zai karanta halin jama'a, kada a ce masa wannan ba sana'a ba ce. A tambaye shi shekara nawa ne, wane aiki takardar ke kai mutum, kuma ko ana iya ɗorawa a kanta. Ku kuma ɗalibai, kafin tsofaffin Birni da Zango su ƙare, ku ɗauki alƙalami ku je ku gaishe su. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.