Ƙidayar jama'a da gidaje: yadda ake gudanar da ita da yadda ake fitar da alƙaluma

Ƙidayar jama'a da gidaje aiki ne da gwamnati ke yi domin sanin yawan mutanen da ke cikin ƙasa a wani ƙayyadadden lokaci, da inda suke zaune, da shekarunsu, da sana'o'insu, da irin gidajen da suke ciki. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawarar kowace ƙasa ta yi ta aƙalla sau ɗaya a cikin shekara goma. A ƙasashen da ke amfani da Faransanci ana taƙaita sunanta da RGPH, kuma hukumomin ƙididdiga ne ke riƙe da aikin, kamar INS a Nijar, BUCREP a Kamaru da INSEED a Chadi. Ƙidayar da Ghana ta yi a 2021 misali ce mai kyau ta yadda aikin yake tafiya a yau, domin ita ce ta farko da ƙasar ta yi da kwamfutar hannu daga farko har ƙarshe. Idan aka haɗa ta da ƙidayar Nijar ta 2012, wadda aka yi da takarda, za a ga tsohuwar hanya da sabuwa.

Shiri da zana taswira

Ranar da mai ƙidaya ya yi sallama a ƙofar gida, aikin ya riga ya ci shekaru ana yin sa. Da farko gwamnati na fitar da doka ko umarni da ke ba hukumar ƙididdiga ikon yin tambayoyi, tare da wajabta mata ɓoye sirrin amsoshin. A Ghana dokar hukumar ƙididdiga ta 2019 ce ta tanadi haka. Daga nan sai neman kuɗi, inda asusun kula da yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNFPA, kan taimaka wa ƙasashen Afirka da dama da kuɗi da ƙwararru.

Mataki mafi ɗaukar lokaci shi ne zana taswira. Ana yanka ƙasar baki ɗaya zuwa ƙananan yankuna da ake kira yankunan ƙidaya, kowanne daidai abin da mutum ɗaya ko biyu za su iya kewayawa cikin mako biyu. Ana sa iyakar kowane yanki a kan abin da ido ke gani, kamar titi, kwata, rafi ko katangar makaranta, domin kada masu ƙidaya biyu su shiga gida ɗaya, kada kuma a bar wani gida ba mai shi. Ghana ta raba ƙasarta zuwa irin waɗannan yankuna sama da 50,000. Unguwa ko rugar da ba ta hau taswira ba tana cikin haɗarin a tsallake ta gaba ɗaya.

Kafin babban aikin ana yin ƙidayar gwaji a wasu zaɓaɓɓun wurare. A nan ake gano tambayar da mutane ba sa fahimta, da tsawon lokacin da hira ɗaya ke ci, da ko batirin na'ura zai kai yamma. Ghana ta shirya yin ƙidayarta a 2020, amma annobar korona ta sa aka ɗaga zuwa 2021.

Wa ake ƙirgawa, kuma a ina?

Hanyoyi biyu ne. Ta farko ita ce a ƙirga mutum a inda ya kwana a wani dare da aka ayyana, ko da baƙo ne a wurin. Ita Ghana ke bi, kuma daren ƙidayarta shi ne na Lahadi 27 ga watan Yunin 2021. Duk tambayar da aka yi bayan wannan dare a kansa take komawa. Jaririn da aka haifa bayan ƙarfe goma sha biyu na daren bai shiga lissafi ba, wanda kuma ya rasu bayan wannan lokaci an ƙirga shi, tunda yana raye lokacin da aka tsayar.

Hanya ta biyu ita ce a ƙirga mutum a inda ya saba zama. Ƙasashen da ke amfani da Faransanci sukan raba mutanen gida kashi uku: mazaunin da ke nan, mazaunin da ya yi tafiya, da baƙo. A ƙa'idar da aka fi bi, wanda ya bar gida ƙasa da wata shida, kuma da niyyar dawowa, yana nan a matsayin ɗan gida.

Wannan bambanci ya shafi 'yan ci-rani da fatake kai tsaye. Matashin da ya bar Tawa bayan girbi ya sauka a zangon Kumasi, ƙidayar Ghana za ta ƙirga shi idan daren ya same shi a can, ƙidayar Nijar kuma za ta iya rubuta shi a matsayin mazaunin da ya yi tafiya. Babu saɓani a nan, domin kowace ƙasa lissafin kanta take yi. Ƙidaya kuma ba ta taƙaita ga 'yan ƙasa ba. Duk wanda ke cikin iyakar ƙasa ana ƙirga shi, yana da takardar zama ko ba shi da ita.

Sa wa gine-gine lamba da shiga gida-gida

A Ghana an fara da jera gine-gine daga ranar 13 ga watan Yuni. Mai ƙidaya na rubuta lamba da alli a jikin bango, ya ɗauki matsayin ginin ta tauraron ɗan adam, ya rubuta ko gidan kwana ne, ko shago, ko masallaci, ko kango. Shi ya sa hukumar ta roƙi jama'a kada su goge lambar har a gama aiki.

A daren ƙidaya kansa an bi waɗanda ba sa kwana a gida: matafiya a tashoshin mota, masu kwana a kasuwa da bakin shaguna, baƙin otal, da marasa lafiya da ke kwance a asibiti. Makarantun kwana, gidajen yari da barikoki suna da nasu tsarin. Washegari, 28 ga watan Yuni, aka fara shiga gida-gida. An tsara kammalawa ranar 11 ga watan Yuli, amma aka ƙara kwanaki a wuraren da ba a gama ba.

Abin da mai ƙidaya ke nema a cikin gida shi ne iyali, wato mutanen da ke zaune tare, suna ci daga tukunya ɗaya, kuma sun yarda da mutum ɗaya a matsayin shugabansu. Babban gida irin na Nima ko Sabon Zango a Akara yana iya ƙunsar iyalai da yawa, kowa da ɗakinsa da murhunsa, kuma kowane iyali hirarsa daban. Idan maigida ya ba da bayanin matansa da 'ya'yansa kaɗai ya manta da 'yan haya, da almajiran da ke kwana a zaure, da yarinyar da ake riƙo, to waɗannan sun faɗi daga lissafi. Jarirai da ƙananan yara suna cikin waɗanda aka fi mantawa da su a ƙidayar ƙasashe da yawa.

Tambayoyin sun kasu biyu. Na mutane sun haɗa da suna, dangantaka da maigida, jinsi, shekaru, wurin haihuwa, ƙasar da mutum yake ɗanta, aure, karatu, aiki, nakasa, da yawan 'ya'yan da mace ta haifa da waɗanda ke raye. Na gida sun shafi kayan da aka yi bango da rufi da su, yawan ɗakunan kwana, ruwan sha, wuta, makamashin girki, banɗaki da inda ake zubar da shara. Wanda bai san shekarunsa ba, ana taimaka masa da jerin manyan abubuwan da suka faru a yankinsa. A Nijar, tsohon da ya ce yana saurayi lokacin da Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974 ya ba mai ƙidaya abin da zai yi lissafi da shi.

Ƙabila, addini da tsoron amsawa

Ƙasashe sun bambanta a kan waɗannan tambayoyi. Najeriya ta cire ƙabila da addini daga ƙidayar 2006 saboda rigimar da alƙaluma suka sha jawowa, har aka soke ƙidayar 1962 da ta 1973. Ghana tana tambayar addini, tana kuma tambayar 'yan ƙasarta ƙabilarsu. Sai dai manyan rukunonin da ake wallafawa su ne Akan, Mole-Dagbani, Ewe, Ga-Dangme, Gurma, Guan, Grusi da Mande, sannan rukunin “sauran”. Hausa ba ta cikin waɗannan takwas, don haka babban jadawalin ba ya nuna yawan Hausawan Ghana, balle yawan masu magana da harshen a zanguna, waɗanda da yawansu asalinsu wasu ƙabilu ne.

A wasu zanguna ana ɗari-ɗari da duk jami'in da ya zo da tambayar asali. Tsofaffi ba su manta da dokar korar baƙi ta 1969 ba, zamanin gwamnatin Kofi Busia, lokacin da dubban mutane suka bar Ghana cikin gaggawa. Amma doka ta hana hukumar ƙididdiga miƙa bayanin mutum ga jami'an shige da fice ko na haraji, kuma masu ƙidaya suna rantsuwar riƙe sirri. Ba a neman katin ɗan ƙasa kafin a ƙirga mutum. Wannan ne dalilin da ya sa hukumomi ke neman sarakunan zango, limamai da gidajen rediyo su yi wa jama'a bayani da harshen da suke ji.

Daga amsa zuwa alƙaluma

A tsohuwar hanya, ana ɗaure takardun kowane yanki a kai su hedikwata. Ma'aikata su duba su ɗaya bayan ɗaya, su mayar da amsoshin da aka rubuta da kalmomi zuwa lambobi. Mahauci, tela da direba kowa na da lambarsa a jerin sana'o'i na duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsara. Bayan haka a shigar da komai cikin kwamfuta da hannu ko da na'urar ɗaukar hoton takarda. Aikin na iya cin shekaru. Kamaru ta yi ƙidaya a watan Nuwambar 2005, amma sai a 2010 aka bayyana sakamakon, wato mutum 17,463,836.

Kwamfutar hannu ta rage wannan jira. Manhajar da ƙasashen Afirka da dama ke amfani da ita, CSPro, wadda hukumar ƙidaya ta Amurka ta samar, tana tsayar da mai ƙidaya nan take idan amsa ba ta yi daidai ba, misali yarinya 'yar shekara bakwai da aka rubuta mata haihuwa uku. Ana tura bayanan zuwa babbar ma'ajiya ta intanet, masu sa ido kuma suna ganin yankin da ke baya da ginin da ba a shiga ba. Ghana ta fitar da sakamakon farko a watan Satumbar 2021, ƙasa da wata uku bayan daren ƙidaya.

Ko da wace hanya aka bi, sai an tace bayanan. Ana cire wanda aka rubuta sau biyu. Inda aka bar gurbi ba amsa, ana cike shi da ƙiyasi daga mutumin da ya yi kama da shi a jinsi, shekaru da unguwa. Ana kuma auna yadda mutane ke karkata ga shekarun da ke ƙarewa da sifili ko biyar, domin wanda bai san ranar haihuwarsa ba ya fi saurin cewa 40 a kan 39 ko 41, kuma masana na da hanyoyin daidaita wannan karkata.

Sai binciken bayan ƙidaya. Wasu ma'aikata daban suna komawa zaɓaɓɓun yankuna su sake ƙirgawa, sannan a gwada sunayen da suka samu da na ƙidayar farko. Daga nan ake sanin kaso nawa aka tsallake, kuma a wane irin wuri. Kafin wallafawa ana cire sunaye, ana kuma haɗe ƙananan alƙaluman da za su iya sa a gane mutum.

Abin da sakamakon ke haifarwa

Ƙidayar Ghana ta 2021 ta samu mutum 30,832,019, daga 24,658,823 a 2010. Mata sun kai kashi 50.7 cikin ɗari, kuma yankin Babban Akara ya zarce na Ashanti a yawan jama'a. A Nijar, ƙidayar watan Disambar 2012 ta samu 17,138,707, daga 11,060,291 a 2001, wato ƙaruwar kashi 3.9 cikin ɗari a kowace shekara. Bayan wannan sakamako ne aka ƙara kujerun majalisar dokokin ƙasar daga 113 zuwa 171.

Da waɗannan alƙaluma ake lissafin ajujuwa da malaman da gunduma ke buƙata, da yawan allurar rigakafin da za a aika, da wurin da za a kai famfo ko ɗakin shan magani. Daga jerin yankunan ƙidaya ne kuma ake zaɓar gidajen da za a yi wa binciken lafiya, talauci da aikin yi a shekarun da ke biye. Tsakanin ƙidaya da ƙidaya, hukumomi da hasashe suke aiki, hasashen kuwa daga adadin ƙarshe yake tashi. Chadi ta yi ƙidaya a 1993 da 2009, Najeriya kuma ta ɗage wadda ta shirya yi a 2023, don haka tazarar kan wuce shekara goman da aka tsara. Unguwar da aka ƙirga ta ƙasa da yawanta za ta ci gaba da karɓar kason da bai kai ta ba har zuwa ƙidaya ta gaba, ko da shekara goma sha biyar za a yi kafin ta zo.