Abin da Alƙalami Ya Bari, Kalangu Ya Riƙe

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Wudil ranar Juma'a, ya ji makaɗin mahauta ya matse kalangu a hammata, yana jan tsarkiya yana saki har sunan mutum ya fito fes ba tare da an buɗe baki ba, to ya ga hujjar wani ilmi da malaman nahawu suka jima ba su ba shi haƙƙinsa ba, wato karin sauti. Da shi ake rarrabe kukan jariri da kukar da ake miya da ganyenta. Da tsawon wasali kuma ake rarrabe garin da ake zama da garin da ake tuwo.

Malaman ajami, Allah Ya jiƙan su, sun kiyaye rabin wannan amana, domin da yake sun ɗora waƙoƙinsu bisa ma'aunin aruli na Larabawa, wanda ba ya tsayuwa sai an san gaɓa mai nauyi da marar nauyi, sai suka riƙa nuna madda da alif da wawu da ya, kamar yadda suka saba a tajwidi. Amma hawa da saukar murya, tun da Larabci bai zo da alamarsa ba, sai aka bar wa kunne.

Da boko ya zo, tun daga ƙa'idojin rubutun Hausa da Baturen da ake kira Ɗan Hausa ya buga a 1912, sai aka ajiye duka biyun, kari da tsawon wasali. Bargery ya sa musu alamomi a ƙamusunsa na 1934, Abraham ma haka a 1949, amma alamomin ba su fita daga ƙamus zuwa jarida ba, Gaskiya Ta Fi Kwabo kuwa ta fara fitowa a 1939 ba tare da su ba.

Mutanen Tailan, waɗanda harshensu ke da kari biyar, sun bi wata hanya dabam, gama rubutun dutsen da ake jingina wa Sarki Ramkamhen na 1292 yana ɗauke da alamomin kari, haruffansu kuma har yau suna bambanta dogon wasali da gajere. Duk da haka, ba na ganin mun yi babbar hasara, domin Bahaushe ma'ana ke yi masa jagora. Baƙo mai koyo ne ke shan wuya, shi da mai karanta labarai a rediyo idan ya ci karo da "fari" a farkon jumla.