Jack Leslie: Ɗan Wasan Da Aka Goge Sunansa

Duk mai bibiyar tamaula ya san cewa Viv Anderson ne baƙar fata na farko da ya buga wa babbar ƙungiyar Ingila wasa, a 1978. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, shekara 53 kafin nan an taɓa zaɓen wani baƙar fata, har jaridu suka buga sunansa, sa'an nan aka wayi gari sunan ya ɓace. Sunan wannan bawan Allah Jack Leslie.

An haife shi a 1901 a unguwar Canning Town da ke gabashin Landan, unguwar ma'aikatan tashar jiragen ruwa. Mahaifinsa mutumin Jamaika ne, mahaifiyarsa kuwa Baturiyar Ingila. Ya fara wasa a wani ƙaramin kulob mai suna Barking Town, inda manajan Plymouth Argyle, Bob Jack, ya gan shi, ya ɗauke shi a 1921. Plymouth gari ne na bakin teku a kudu maso yammacin Ingila, kulob ɗinsa kuma yana rukuni na uku a lokacin.

A tsarin wasan wancan zamani mutum biyar ake jerawa a gaba. Leslie shi ne na ciki a ɓangaren hagu, wato aikinsa biyu ne: ya shirya wa wasu, ya kuma jefa ƙwallo a raga da kansa. Shi da Sammy Black, mai bin gefen hagu, sun saba da juna ƙwarai, har magoya baya ba sa ambaton ɗaya ba tare da ɗayan ba. Kaka shida a jere Plymouth tana ƙarewa a matsayi na biyu, alhali na ɗaya kaɗai ake ɗagawa zuwa rukuni na gaba. Sai a 1930 haƙarsu ta cimma ruwa. Daga baya aka naɗa Leslie kyaftin, abin da ba a saba gani ga baƙar fata ba a Ingilar wancan lokaci. Ya buga wa kulob ɗin wasa wajen 400, ya ci ƙwallo 137.

To, mai karatu, bari mu koma watan Oktoba na 1925. Wata rana Bob Jack ya kira Leslie ofis, ya yi masa albishir cewa an sa shi cikin tawagar Ingila da za ta kara da Ailan a Belfast, a matsayin ɗan jiran ko-ta-kwana. Ɗan rukuni na uku ya sami irin wannan kira ba ƙaramin abu ba ne. Jaridu suka buga, gari ya ɗauka, ana ta yi masa barka. Ba a jima ba aka sake fitar da jerin sunaye, babu nasa. Ba wanda ya kira shi ya yi masa bayani, hukumar ƙwallon Ingila ma cewa ta yi ba a taɓa zaɓensa ba. Ranar 24 ga Oktoba Ingila ta tashi canjaras ba ci a Belfast, shi kuwa Leslie a ranar ya zura ƙwallo biyu a wasan da Plymouth ta lallasa Bournemouth da ci 7 da 2.

Shi kansa bai taɓa shakkar dalili ba. A wata hira da aka yi da shi a 1978, shekarar da Anderson ya sa rigar Ingila, ya nuna cewa masu zaɓen sun ji labarin ƙafarsa ne, da suka ga launin fatarsa sai suka sauya shawara. Ba a sake kiransa ba har ya bar wasa.

Barin wasan ma da ciwo ya zo. Ƙwallon wancan zamani na fata ne mai nauyi, ana ɗaure bakinsa da igiya. Igiyar ce ta bugi idonsa, ciwon ya ƙi barinsa, a tsakiyar shekarun 1930 dole ya rataye takalmi. Ya koma gabashin Landan ya kama aikin ƙarfe a tashar jiragen ruwa har ya tsufa.

A nan ne labarin ya fi sosa rai. Bayan ya yi ritaya, manajan West Ham, Ron Greenwood, ya ba shi aikin kula da takalman 'yan wasa. Mutumin da aka hana rigar Ingila sai ga shi yana goge takalman Bobby Moore da Geoff Hurst da Martin Peters, waɗanda suka ci wa Ingila Kofin Duniya a 1966. Ya yi aikin nan da mutunci har 1982, bai mai da abin da aka yi masa abin hira ba, shi ya sa da yawa cikin 'yan wasan ba su san wane ne ke riƙe da takalmansu ba. Ya rasu a 1988.

Hausawa na cewa gaskiya ba ta neman ado, amma dai tana neman mai tono ta. Magoya bayan Plymouth ne suka tara kuɗi aka ƙera mutum-mutuminsa, aka kafa a ƙofar filin Home Park a 2022. A Ingila al'ada ce a ba duk wanda ya buga wa ƙasa hula ta musamman. A 2023 hukumar ta miƙa wa jikokinsa irin wannan hula a filin Wembley, bayan ta amince cewa bai kamata a janye kiran ba. Hular ta iso bayan shekara 98, mai ita kuwa ya shekara 35 a ƙasa.