Wane ne Janar John Raymond, sojan da ya fara jagorantar Rundunar Sararin Samaniya ta Amurka?

Janar John William Raymond, wanda aka fi sani da Jay Raymond, hafsan sojan Amurka ne mai anini huɗu da ya yi ritaya bayan shekara 38 yana aiki. Shi ne shugaban farko na Rundunar Sararin Samaniya ta Amurka, wadda ake kira Space Force, kuma shi ne mutum na farko da aka rubuta sunansa a cikinta lokacin da aka kafa ta a watan Disamban 2019.

Raymond dai ba matuƙin jirgin yaƙi ba ne, kuma bai taɓa zuwa sararin samaniya ba. Duk aikinsa a ƙasa ya yi shi, gaban kwamfuta da na'urorin hangen nesa, yana kula da makamai masu linzami da taurarin ɗan'adam. Tarihin aikinsa na nuna yadda manyan ƙasashe suka daina kallon sama a matsayin wurin bincike da sadarwa kawai, suka koma ɗaukar ta a matsayin filin daga.

Tasowarsa da karatunsa

An haifi Raymond ranar 30 ga Afrilun 1962 a jihar Kalifoniya, ya kuma tashi a garin Alexandria na jihar Virginia. Gidansu gidan soja ne. Ya yi karatu a Jami'ar Clemson da ke South Carolina, inda ya kammala digiri a fannin gudanarwa a 1984. Yana jami'ar ne ya shiga shirin horar da ɗalibai aikin soja, don haka yana gamawa aka ba shi muƙamin ƙaramin hafsa a rundunar sojin sama. Daga baya ya ƙara digiri na biyu a Jami'ar Central Michigan a 1990, sannan ya yi kwalejin yaƙi ta sojojin ruwa a 2003.

Daga ramin makaman nukiliya zuwa aikin taurari

Aikinsa na farko, daga 1985 zuwa 1989, a sansanin Grand Forks ne da ke North Dakota, wuri mai tsananin sanyi kusa da iyakar Kanada. A can yana cikin hafsoshin da ke kula da makamai masu linzami samfurin Minuteman, masu ɗauke da nukiliya kuma masu iya tsallake nahiya. Yadda aikin yake shi ne, hafsoshi biyu za su sauka wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa su kwana su yini suna jiran umarnin da kowa ke fatan kada ya zo. Lokacin kuwa ana cikin yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet.

A 1989 aka mayar da shi sansanin Vandenberg a Kalifoniya, inda ake harba rokoki, kuma daga nan ya karkata ga aikin sararin samaniya. Wajen shekarar 2000 ya shugabanci wata ƙaramar runduna a sansanin Feltwell da ke Ingila, wadda aikinta bin sawun taurarin ɗan'adam ne. Tsakanin 2006 da 2007 an tura shi Gabas ta Tsakiya a matsayin mai kula da ayyukan sararin samaniya na dakarun da ke yaƙi a Iraƙi da Afganistan.

A 2007 ya karɓi shugabancin runduna ta 21 ta sararin samaniya a sansanin Peterson na jihar Colorado. A wancan lokacin ita ce ke riƙe da manyan na'urorin rada da ke gargaɗi idan an harbo makami mai linzami, har da wadda ke Thule a tsibirin Greenland. Ya kuma yi aiki a Japan daga 2010 zuwa 2012 a matsayin mataimakin kwamandan sojin saman Amurka da ke can, kuma yana wurin aka yi girgizar ƙasa da ambaliyar tsunami ta watan Maris ɗin 2011, inda sojojin Amurka suka shiga aikin agaji.

Daga nan sai muƙamai suka riƙa zuwa a jere. A 2014 ya zama kwamandan runduna ta 14 a Vandenberg, a 2015 ya koma Pentagon a matsayin mataimakin babban hafsan sojin sama mai kula da ayyuka, sannan a Oktoban 2016 aka ƙara masa girma zuwa anini huɗu, aka ba shi shugabancin dukkan sashen sararin samaniya na sojin sama.

To me soja yake yi a sama?

Wannan tambayar ce mutane da yawa ke yi, don wasu na zaton sojoji ne za su hau roka su je su yi harbe-harbe. Ba haka ba ne. Manyan ayyukan guda huɗu ne: gargaɗin makamai masu linzami, sadarwar soja, nuna hanya da lokaci, da kuma sa ido kan duk abin da ke kewaya duniya.

Ɗauki GPS misali. Taurari ne kusan 31 da ke yawo a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa, kuma sojojin wannan runduna ne ke tafiyar da su daga sansanin Schriever a Colorado. Direban Bolt a Legas, da mai tirela da ya ɗauko shanu zuwa Fatakwal yana duba taswira a waya, da siginar waɗannan taurarin suke amfani, kyauta. Bankuna da kamfanonin waya a duniya ma na daidaita agogon na'urorinsu da su.

Batun gargaɗi kuwa, an ga amfaninsa ranar 8 ga Janairun 2020, lokacin da Iran ta harba makamai masu linzami kan sansanin Ainul Asad a Iraƙi domin ramuwar kisan Janar Ƙasim Sulaimani. Taurarin da ke hango zafin wutar roka sun gano harbin tun daga tashinsa, aka sanar da dakarun. Babu sojan Amurka da ya mutu, kodayake sama da 100 sun samu rauni a ƙwaƙwalwa saboda ƙarfin fashewar.

Abin da ya sa aka ware runduna ta daban

Ranar 11 ga Janairun 2007 China ta harba makami daga ƙasa ta tarwatsa wani tsohon tauraronta na hasashen yanayi. Gwajin ya bar tarkace sama da 3,000 da ake iya bin sawunsu, kuma da yawa suna nan suna yawo har yau. Amurka ma ta harbo nata tauraron da ya lalace a Fabrairun 2008. A 2009 wani tauraron kamfanin Iridium ya yi karo da wani mataccen tauraron Rasha. Indiya ta yi nata gwajin a Maris ɗin 2019. A 2015 kuwa Rasha da China duk sun sake fasalin sojojinsu, suka ba harkar sararin samaniya matsayi na musamman.

Wannan ne ya sa wasu 'yan majalisar Amurka, Mike Rogers da Jim Cooper, suka kawo shawarar a ware runduna a 2017. Shugabannin sojin sama ba su so ba, kuma shi kansa Raymond ya yi rubutu a wancan lokacin yana cewa abin da ake buƙata shi ne a mayar da hankali kan aikin, ba a kafa sabuwar runduna ba. Amma a Yunin 2018 Shugaba Donald Trump ya ba da umarnin a fara shiri. A ƙarshen Agustan 2019 aka farfaɗo da Babbar Cibiyar Sararin Samaniya, wadda aka rufe tun 2002, aka naɗa Raymond kwamandanta. Ranar 20 ga Disamban 2019 Trump ya sa hannu a dokar da ta kafa rundunar, kuma ranar 14 ga Janairun 2020 mataimakin shugaban ƙasa Mike Pence ya rantsar da Raymond. Rabon da Amurka ta kafa sabon reshen soja tun 1947, lokacin da aka ware sojin sama daga na ƙasa.

Abin da ya gina

Raymond ya fara ne da runduna mai mutum ɗaya, wato shi kaɗai, sauran ma'aikata kusan 16,000 duk aro ne daga sojin sama. A Afrilun 2020 aka rantsar da sababbin hafsoshi 86 daga kwalejin sojin sama kai tsaye zuwa cikinta. A Agustan shekarar aka fitar da kundin farko na aƙidar yaƙinta, a Disamba kuma aka raɗa wa sojojinta suna Guardians, ma'ana masu tsaro, sannan Raymond ya zama cikakken mamba a majalisar manyan hafsoshin ƙasar. Ya kasa rundunar gida uku: masu gudanar da ayyuka, masu sayo da ƙera kayan aiki, da masu horarwa. Kafin ya sauka, sojojinta sun haura 8,000, kuma ita ce mafi ƙanƙanta a rassan sojan Amurka.

Ya kuma riƙa fito da wasu bayanan da a da ake ɓoyewa. A Fabrairun 2020 ya shaida wa mujallar Time cewa wasu taurarin Rasha biyu na bin wani tauraron leƙen asirin Amurka a kurkusa. A Nuwamban 2021 Rasha ta tarwatsa wani tsohon tauraronta, abin da ya haifar da tarkace fiye da 1,500, har 'yan sama jannatin da ke tashar ƙasa da ƙasa, ciki har da Rashawa, suka shige kumbunansu suka fake.

Suka da ce-ce-ku-ce

Rundunar ta sha ba'a tun daga farko. An yi ta cewa tambarinta ya yi kama da na fim ɗin Star Trek, Netflix ma ta yi wasan barkwanci da sunanta a 2020. Akwai kuma suka mai nauyi: wasu na ganin ƙarin ofisoshi ne da kashe kuɗi, China da Rasha kuma na zargin Amurka da mayar da sama fagen yaƙi. Yarjejeniyar 1967 ta haramta ajiye makaman ƙare-dangi a sararin samaniya, amma ba ta hana sauran makamai ba, kuma a nan rigimar take. Matsayin Raymond shi ne sai abokin gaba ya san kana da ƙarfi sannan zai ji tsoron taɓa ka. A Afrilun 2022 Amurka ta yi alƙawarin daina gwajin makaman da ke tarwatsa taurari daga ƙasa.

Tarkace dai ba ya tambayar tutar ƙasa. Najeriya ta harba NigeriaSat-1 a 2003, sannan NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X da NigComSat-1R a 2011, kuma duk ƙasar da ke da tauraro a sama, haɗarin karo ya shafe ta. Sojojin Amurka na bin sawun dubban abubuwa da ke kewaya duniya, suna aika gargaɗi ga masu taurari idan sun hango za a yi karo.

Raymond ya miƙa ragama ga Janar Chance Saltzman ranar 2 ga Nuwamban 2022, daga nan ya yi ritaya ya koma aiki da kamfanoni masu zaman kansu da ke harkar tsaro da sararin samaniya.