Daga Marisuwa zuwa Korona: Ciwon da Ke Saura Bayan Warkewa

A watan Satumba 1918 annobar mura, wadda Hausawa suka laƙaba wa suna marisuwa, ta sauka Legas ta jirgin ruwa, ta bi layin dogo ta hau Arewa. Mamata aka fi ƙirgawa a lokacin. Wanda ya tashi daga jinya amma ƙarfinsa bai dawo ba, ba a cika sa shi cikin lissafi ba. Bayan shekara ɗari da ɗoriya, a Afrilun 2020, korona ta ɓulla a Jihar Kebbi, aka riƙa killace masu ita a cibiyar lafiya ta Kalgo. Nan ma alƙaluman guda uku ne: wanda ya kamu, wanda aka sallama, wanda ya rasu.

Sai dai sallama daban, waraka daban. Masu zazzaɓin Lassa da dama kan kurmance bayan sun warke. Ƙwayar Ebola kuwa an same ta ɓoye cikin idon wani likita ɗan Amurka watanni bayan ta ɓace daga jininsa. A Oktoban 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'anar doguwar korona: gajiya, haki da rikicewar tunani, wata uku bayan kamuwa, su daɗe aƙalla wata biyu.

Hasashen da tarihin Ebola ya fi mara wa baya shi ne ɓurɓushin ƙwayar cutar na maƙalewa a hanji da wasu sassan jiki, garkuwar jiki ta ci gaba da yaƙi ba hutu. A 2023 ayarin Akiko Iwasaki na Jami'ar Yale ya gano ƙarancin sinadarin kotizol a jinin masu fama da ciwon, da alamun farfaɗowar tsohuwar ƙwayar Epstein-Barr da ke kwance a jikin yawancin mutane. Resia Pretorius ta Afirka ta Kudu ta ɗora laifin kan ƙananan gudajin jini, ra'ayin da har yanzu ake jayayya a kansa.

Babu gwajin jini guda da ke tabbatar da ciwon. Saboda haka manomin shinkafa a ƙasar Gwandu da ya kasa ɗaga fartanya wata shida bayan mura, abin da ya fi yiwuwa ya ji a kemis shi ne maleriya da taifod, ya sayi maganinsu karo na uku.